Kwandon da Mama Ta Rufe

Godiya, ke kika tara ƙannenki kika ce in ba ku labarin Kakarku, tunda yawancinku ba ku tarar da ita ba. Ke ɗin ce kuma na ji jiya da kunnena kina cewa wai daddawa ba sana'a ba ce, kalwa ce kawai ake jiƙawa a bari ta ruɓe. To madalla. Ku matso, ku kife wayoyin nan. Ni Jummai, 'yarta ta fari, shekara ashirin da ɗoriya na yi ina bin bayan Mama Rifkatu a wannan ruɓarwar da kuke rainawa, kuma da ita aka yi wa iyayenku makaranta. Ba zan iya ba ku labarinta in bar daddawa a waje ba. Ko a coci in an ce Rifkatu sai an tambaya wacce, amma in aka ce mai daddawa ta Mayo Gwoi, magana ta ƙare.

Sayen kalwa kaɗai ya isa ya kori malalaci. Da bazara, in 'ya'yan ɗorawa sun bushe, mukan hau bayan a-kori-kura mu nufi kasuwannin ƙauye ta wajen Zing. Ni in na ga kalwa baƙa tana sheƙi sai in ce ta yi. Mama kuwa sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta gatsa da haƙorin gefe, ta tofar, ta dubi mai kaya ta ce, “'Yar'uwa, wannan ta bara ce kika shafa wa mai.” Matar ta yi ta rantsuwa, Mama ta yi ta dariya, daga ƙarshe dai a jawo mata buhun da aka ɓoye a baya. Mu dawo gida da yamma, ƙugu ya yi tsami, ita ko a jikinta, tana ba direba labarin yadda ake tuƙi.

Ranar Litinin ake ɗora tukunya. Rabin duro ne, ba irin tukwanen nan naku masu murfin gilashi ba. Tun asuba ake hura wuta da manyan itatuwa, kalwa ta yi ta tafasa har faɗuwar rana, ruwa na ƙonewa ana ƙarawa. Aikin farko da aka bar mini ke nan, ina 'yar shekara goma sha biyu, kuma ranar na yi ta'asa. Da na ga ruwa ya ja baya sai na ɗebo na randa na sheƙa. Mama ta dawo daga kasuwa, ta murza ƙwaya ɗaya a tsakanin yatsu, ta ce, “Wa ya yi wa kalwata wanka da ruwan sanyi?” Ashe ruwan zafi ake ƙarawa, shi ya sa kullum akwai ƙaramar tukunya a gefe tana jira. In ka sa na sanyi sai ta ƙanƙame, ɓawon ya manne, sai an ƙara rabin yini da damin itace. Ba ta doke ni ba. Itacen ta sa na je na yo, kuma na yo shi sau biyu, don na farko ta ce ɗanye ne.

Talata sai surfe. A zuba a turmi da ɗan toka, a yi ta sussuka a hankali, don ɓawo ake so ya fita, ba ƙwayar ake so ta farfashe ba. Wanda bai iya ba yakan ɗaga taɓarya kamar mai sakwara, ya mayar da kayan mutane gari. Daga nan mu ɗauka a ka zuwa kogi. Muna da gwagwa, wata babbar ƙwarya da aka huhhuda, a zuba a ciki a nutsa a ruwa ana murzawa, ɓawo ya taso ruwa ya tafi da shi. Awa biyu kana sunkuye, ƙafa a cikin ruwa, ƙananan kifaye na tsakurar ka. A dawo a zauna tsinta, a fitar da tsakuwa da ƙwayar da ta ƙi dahuwa ɗaya bayan ɗaya. Mama takan ce tsakuwa ɗaya a haƙorin mai gida ta isa ta raba ka da gida biyar. Sai a sake dafawa da 'yar kanwa har ta yi laushi, a tsane ta.

To daga nan ne aiki yake barin hannuna. Kwantar da kalwa da buɗe ta na Mama ne ita kaɗai. Ni in shimfiɗa ganyen ayaba a kwando, in kawo buhunan algarara da wani tsohon bargo, in juye mata kalwar tana tururi, sai ta ce, “To fita, ja mini ƙofa.” A lungun bayan murhu take ajiyewa, inda ɗumin girkin yau da gobe yake taruwa. Ta rufe da la'asar ɗin Talata, ta buɗe yawanci da safiyar Juma'a. Na ce yawanci, don ba kwana take ƙirgawa ba. Takan tura hannu ƙarƙashin buhu, ta fito da shi ta shinshina, ta ce a bari sai azahar, ko ta ce a kawo turmi yanzu. In an yi gaggawa kalwa ce ɗanya mai gafi, in an makara ta yi ɗaci tana hawa ka. Ina da 'ya'ya uku a lokacin, amma in na ce, “Mama, bari yau in gwada,” sai ta ce, “Hancinki bai nuna ba tukuna.”

Masu saye kuwa, ai da aka ba mu jiha Jalingo ta cika da ma'aikata daga ko'ina, muka ga iri-iri. Akwai matar wani injiniya da ke zaune a unguwar Sarkin Dawaki, mutuniyar kudu ce, ta zo da Hausarta ta ce, “Mama, ba ni wanda bai daka ba, wanda yana da ruwa.” Mama ta juyo ta tambaye ni ko lafiyar matar ƙalau. Ashe a wajensu haka ake ci, ƙwaya-ƙwaya, ba a daka ta a shanya. Daga ranar sai da muka riƙa ware mata kwano guda duk Juma'a, ta kuma jawo mana 'yan garinsu. Akwai wani babba a sakatariya da yakan aiko direba, ya ce a ƙulle a leda uku kada mota ta yi wari. Mama ta ƙulle ta miƙa ta ce, “Ka gaya wa oga, cikinsa ma a sa masa leda.” Direban bai taɓa kai saƙon ba, na sani.

Amma babbar mai sayenmu Hajiya Dudu ce, Bafillatana mai sayar da tuwo a tasha, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Shekara talatin suna tare da Mama, kuma shekara talatin suna faɗa ɗaya. Duk Asabar Hajiya za ta ɗaga curin daddawa ta juya shi ta ce, “Rifkatu, wannan ya rame, ba shi da lafiya ne?” Mama ta ce, “Ya ga malmalar tuwonki ne ya yi koyi.” Su yi ta yi har mu gaji da ji, sannan Hajiya ta kwashi kayanta ta ce useko, wato godiya da Fulatanci, Mama ta ƙara mata biyu a kai. Da Kirsimeti ita ke fara cin shinkafarmu, da Sallah mu ke fara cin namanta.

Shekarar da muka sha wuya kuwa, Godiya, babanki ne ya jawo mana ita, ga shi can zaune yana yi kamar bai ji ba. Da ma abubuwa sun yi tsauri. An sare ɗorawar bakin gari an yanka fulotai, kalwa ta yi tsada, itace ya yi tsada, matan ma'aikata sun koma wa dunƙulen kanti. Wasu masu sana'ar suka fara haɗawa da waken soya, Mama ta ce ita ba da ita ba. Ana cikin haka ƙanena Ishaya, babanki ke nan, ya sami aiki a sabuwar ma'aikata. Da albashinsa na farko ya ce zai hutar da Mama. Muna ƙauye sayen kalwa ya kawo magina, aka fasa tsohon murhun ƙasa, aka malale madafa da siminti, aka buɗe taga babba don hayaƙi, aka sayo robobi masu murfi ja da shuɗi, aka jefar da kwanduna bayan gida. Muka dawo muka tarar da shi a bakin ƙofa yana washe baki.

Mama ta zagaya, ta shafa bango, ta sa masa albarka har ya ji kunya. Ta kwantar da kalwa a roba kamar yadda ya so. Juma'a aka buɗe, ruwa ya taru a ƙasa, sama ta yi sanyi ƙalau, wari kamar mushe. Sau huɗu a jere muna zubarwa a rami, kalwar wata guda ke nan. Masu saye suka watse, Hajiya Dudu ta yi wata guda tana miya da dunƙule tana tsaki. Na ce, “Mama, ki gaya masa mana.” Ta ce, “Yaro ya yi abin kirki da kuɗinsa na fari, in ce masa ya yi ɓarna? Bari ya tafi kwas ɗinsa na Kaduna.” Ranar da ya hau motar Kaduna ta sa aka kwaɓa ƙasa, ta gina murhu a kan simintin nan da hannunta, ta toshe tagar da buhu, ta aike ni bayan gida in kwaso kwanduna. Robobin kuwa da su aka yi ta yi muku wanka kuna jarirai. A wannan shekarar na gane abu biyu da daddawa take so, ɗumi da numfashi. In ta rasa ɗaya, ta tafi.

Yanzu ga abin da nake so ku ji da gaske. Wajen shekara shida bayan an ba mu jiha, cikin marka, an yi kwana uku ana yayyafi ba rana, muka yi aikinmu kamar kullum. Talata da la'asar Mama ta kore ni, ta rufe kwandonta, ta fito tana mita wai ganyen da na kawo ya yi ƙanana. Laraba da hantsi tana zaune tana gyaran kuɓewa ta ce kanta yana sara mata, bari ta ɗan kishingiɗa. Kafin Ishaya ya zo da mota daga ofis ta cika. Haka kawai, ba jinya, ba sallama.

A danginmu, in an yi rasuwa ba a hura wuta a gidan sai an kwana uku. Maƙwabta ke kawo abinci. 'Yar fari kuma takan zauna a tabarma ta karɓi gaisuwa, ba ta taɓa aiki, ba ta fita ƙofar gida in ba zuwa kabari ba. Mai tsaron wannan doka a gidanmu Goggo Tabitha ce, yayar Baba, wadda ko fasto yakan gyara tsayuwa in ta shigo. Tana isowa ta sa aka kwara wa murhu ruwa, aka ja ƙofar madafa, ta nuna mini tabarma ta ce, “Nan.” Na zauna. Hajiya Dudu ta bar tasha, ta ɗora manyan tukwanenta a gidanta tana ciyar da masu makoki.

Alhamis da safe aka yi jana'iza. Mun dawo ke nan, ina zaune, matan zumuntar coci na waƙa, sanyin damina na ratsa tabarma, sai na tuna. Kwando. Yini guda da kwana guda yana lungun murhun da aka jiƙa da ruwa. Na ce zan zaga bayan gida, na saci jiki na shiga madafa, na tura hannu ƙarƙashin buhu. Da ɗan ɗumi a can tsakiya, kamar goshin yaron da zazzaɓi ya fara sauka, amma gefe duk ya yi sanyi. In ya ƙara kwana a haka, rami za a kai shi.

Ku gane abin da ke cikin kwandon nan. Ba kuɗi ba ne, kalwar ba ta fi mudu goma ba. Ita ce ta ƙarshe da hannun Mama ya taɓa, ba za a sake wata ba har abada. Ga shi ran Lahadi bayan coci za a yi abincin sallamar baƙi, kuma na rantse a raina ba za a sallami mutanen da suka zo binne Rifkatu mai daddawa da miyar dunƙule ba. Sai dai ba ni da izinin hura wuta, ba ni da izinin ɗaukar ko tsinke, kuma ban taɓa buɗe kwando da kaina ba.

Da azahar Hajiya Dudu ta shigo da tuwo, ta durƙusa gabana tana gaisuwa. Na riƙe hannunta na raɗa mata. Ta dubi madafa, ta dubi Goggo da ke zaune a kujera kamar alƙali, sannan ta ce a hankali, “An ce kada a hura wuta a gidanku. An ce a gidana?” Ta tashi ta shige madafa kai tsaye, sai ga ta ta fito da kwando a ka, da buhunansa da bargonsa, tana ratsa mutane.

Goggo ta ce, “Hajiya, ina zuwa da kayan mamaciya?”

Hajiya ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, “Bargona ne, Tabitha. Na ara mata tun bara, yanzu sanyi ya dame ni.”

“Da kwandon?”

“A ciki na same shi.”

Wani dattijon coci da ke bakin ƙofa ya ɗaga hanci ya bi ta da kallo, ya buɗe baki zai yi magana, matarsa ta taka masa ƙafa.

Ta kai shi lungun murhunta, inda wuta ba ta mutuwa saboda girkin baƙi. Saura sanin lokacin buɗewa, tunda sanyin da ya sha ya ɓata lissafi, ni kuma ina ɗaure a tabarma. Dabarar da muka yi, har yau in na tuna sai na yi dariya. Hajiya takan tura hannunta ƙarƙashin buhu ta bar shi ya jima, ta ɓoye shi a mayafi, ta zagayo gidanmu ta durƙusa ta ce, “Jummai, ya haƙuri?” Ni kuma in kama hannun da hannu biyu in kifa fuskata a kai kamar kuka ya ci ƙarfina, in ja numfashi. Ita kuma ta raɗa mini yadda zafin yake. Ran Alhamis ta yi mini gaisuwa sau uku. Ran Juma'a sau shida. Har Goggo ta ce da matar da ke kusa da ita, da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Wannan Hajiya ta fi mu jin mutuwar nan.”

Da safiyar Juma'a, lokacin da Mama ta saba buɗewa, Hajiya ta raɗa mini, “Yau ne ranarta. In buɗe?” Na shinshina. Warin dafaffen wake ne kawai da ɗan tsami, bai kama hanci ba. Na ce a bari. Da azahar ta ce buhu ya fara gumi, zafi ya hau sosai, ita tana tsoro kada ya zarce. Na ce a bari. Gaskiya ni ma tsoron nake ji, don in ya lalace yanzu ba sanyi za a ce ba, ni za a ce. Da la'asar ta kawo hannu, ina kifa fuska sai na ji abin ya tsaga mini hanci har idona ya kawo ruwa, irin wanda nakan ji a zanen Mama in ta fito daga madafa ran buɗewa, amma da saura kaɗan. Na ce, “Ki cire bargon, ki bar buhu, ki ja shi baya da murhu taki ɗaya. Gobe da safe.” Hajiya ta ce, “Kin tabbata?” Na ce, “A'a. Amma ki yi.”

Asabar da safe kwana uku suka cika. Goggo ta yi addu'a, ta ɗaga ni daga tabarma, ta sa aka hura wuta a madafa. Ko ruwa ban sha ba na nufi gidan Hajiya, Ishaya na bina. Muna shiga sai na ji takun sanda a bayanmu. Goggo ce. Na tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, “Wuce mana. Kina tsammani hancina ya mutu ne? Tun ran Alhamis matar nan take shigo mini da wari a mayafi. Ni wuta na hana, ban hana maƙwabtaka ba.”

Na durƙusa gaban kwandon. Na ɗaga buhu na farko, na biyu, na uku, duk sun jiƙe da gumi. Ganyen ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa. Na ɗaga shi a hankali daga gefe, na tsakuro kaɗan na murza. Ta narke a yatsana, ta ja zare, launinta ya yi duhu yadda ake so. Na sa a harshe. Ba gafi, ba ɗaci. Hajiya ta tsakura ita ma, ta tauna, sannan ta ce, “Ta Rifkatu ce.” Ishaya ya sauke ajiyar zuciya kamar shi ya yi aikin.

Sai na yaye sauran ganyen gaba ɗaya. A tsakiyar kwandon, a kan kalwar da aka danne ta yi sumul, ga shaidar hannu. Tafi guda da yatsu biyar, sun nutse kamar rabin ɗan yatsa, har da ɗan karkacewar ƙaramin yatsanta da ya taɓa karyewa. Duk ɗaukar da aka yi wa kwandon bai ɓata shi ba.

Goggo ta matso ta duba. Ta ce, “Haka take gwada zafi. Takan danna hannu a ciki ta yi addu'ar Ubangiji. In zafi ya kore ta kafin ta kai ƙarshe, ta jira ya huce. In ta kai amin hannu na ciki, ta rufe. Tun tana amarya haka take yi.”

Na ce, “Shekara ashirin ba ta gaya mini ba.”

Goggo ta ce, “Ke da bakinki ba ya shiru, ina za ta yi addu'a kina ciki?”

Hajiya ta yi dariya tana share ido da mayafi. Ishaya ya ce kada kowa ya taɓa, bari ya hau babur ya ɗauko mai hoto daga cikin gari, ko a yanke wajen a ajiye. Goggo ta ce, “Mai hoton naka sai ya gama shayi ya nemo fim. Ka ga an buɗe ta, iska ta shiga. Nan da awa ɗaya in ba a daka ba ta zarce, gobe kuma mutum ɗari za su ci tuwo. Uwarku ba don kallo ta yi ta ba.” Ta juyo gare ni ta ce, “Jummai, ke ce mai kwando yanzu.”

Na san gaskiya ta faɗa. Na kai hannuna na sa a cikin shaidar nan, yatsa a kan yatsa. Da sauran ɗumi a wurin. Ashe hannun Mama bai kai nawa ba, yatsuna sun zarce nata da gaɓa guda, ni kuwa duk rayuwata ina ganin ba hannun da ya kai shi girma. A nan na yi kukan da ban yi a bakin kabari ba, kuma ba wanda ya ce in yi shiru.

Da na gama, na tara yatsuna na kwaso daga daidai wurin, na zuba a turmi. Goggo ta jingine sandarta ta miƙo mini taɓarya.